Lagireton Kawu

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu ya san abu biyu game da ita: ba ta faɗawa rami, kuma ba ta isa da wuri. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, direban bas, mai jigilar mutane da kayansu tsakanin garinmu da babban garin da ke bayan tsauni. Tun kafin a haife ni yake kan wannan hanya, ya tafi da safe, ya dawo da yamma. Da na samu aiki a wani shagon magani a can babban garin sai na zama fasinjarsa ta kullum, ina kujerar gaba ina cika ina batsewa, domin ni Allah bai yi ni da haƙurin jira ba.

Gajere ne kakkaura, da hular da rana ta cinye launinta, da ƙaramin tawul a wuya. In yana tuƙi ba ya hira, ba ya kunna rediyo, ba ya waige. Ko giwa ce ta tsaya a gefen hanya tana rawa, Kawu ba zai gan ta ba, idonsa na kan kwalta. Ya san kowane rami da kowace kwana, har yakan rage gudu a inda aka daɗe da cike ramin, wai don girmama wahalar da ya sha a wurin. Iyaye mata sukan ba shi amanar yaransu da tsofaffinsu ba tare da fargaba ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma a kan tudu yake.

Bayan an gama hawan tsaunin, kafin a fara gangara, akwai wani ɗan fili a gefen hanya inda babu gida, babu rumfa, babu ko mai tallan ruwa. Nan Kawu ke tsayawa, a tafiya da dawowa. Sai ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya ce da murya irin ta mai sanar da rashin lafiya, "Lagireto zai sha ruwa." Ya sauka da galan, ya ɗaga bonet, ya ɗan tsiyaya. Daga nan sai ya juya wa injin baya, ya harɗe hannuwa, ya zuba wa kwarin da ke ƙasa ido. Shi ya sa a tasha babu mai kiransa da sunansa, kowa Lagireto yake ce masa, shi ma yana amsawa.

Cikin mota kuwa sai ka ce an taɓa gidan rina. Shugabar masu ƙorafi wata mata ce da ke kai ƙwai kasuwa, muna ce mata Mai Ƙwai, tana zama bayan direba da kiret-kiret a cinya, bakinta ba ya hutawa.

"Wannan lagireto naka ciwon suga gare shi ne? Kullum ƙishirwa!" in ji ta. "Kafin mu isa ƙwan nan sun ƙyanƙyashe, sai dai in sayar da 'yan tsaki."

"To ai riba ta ƙaru, Hajiya," Kawu zai ce ba tare da ya juyo ba.

Na daɗe ina jin tausayin motar, don tsohuwa ce ƙwarai, ƙofarta ma da igiya ake ɗaure ta. Sai wata rana na lura galan ɗin da ya sauka da shi bai ragu da komai ba, ɗan abin da ya tsiyaya ma ƙasa ce ta sha. Na je na samu bakaniken tasha na tambaye shi, ya yi dariya har ya saki sifana.

"Komai na motar nan ya mutu ban da lagireto," ya ce. "Ni na sa shi da hannuna, ko wuta aka hura a ƙarƙashinsa ba zai tafasa ba. Kawunki kallo yake yi, 'yar nan. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, sai Mai Ƙwai, ita ma ina zargin ta sani."

Washegari da ya tsaya sai na sauka na bi shi, da niyyar in tona masa asiri. Na tsaya kusa da shi zan fara magana, sai idona ya sauka kan kwarin. Damina ce, an yi ruwa da asuba. Ƙasa can kwarin ya shimfiɗu har inda ido ya gaji, gonaki kore shar, wasu duhu wasu haske, rafi ya ratsa tsakiya yana lanƙwasa, shanu kamar an watsa farin wake a kan tabarma. Gajimare na tafiya a sama, inuwarsa na bin gonakin a ƙasa, ta rufe wani ƙauye ta sake shi, ta hau wani tudu ta sauka. Can gefen dama ana ruwa, kana ganin igiyoyinsa sun sauko a karkace, a gefen hagu kuma rana ce tar, rufin kwano na ƙyalli. Na shekara ina wucewa ta wurin, ban taɓa ɗaga kaina daga waya ba.

"Kin ga wancan ruwan?" Kawu ya nuna da haɓa. "Rafin yake nufa. Ko zai tsallaka ko ba zai tsallaka ba, Allah masani."

Ba mu sani ba kuwa, domin Mai Ƙwai ta miƙa hannu ta danna hon, muka koma mota.

A gida, labarin kwari shi ne labaran duniyar Kawu. Da ya wanke hannu ya zauna gaban kwano sai ya fara ba matarsa rahoto, wadda muke kira Inna. Yau gajimare ya kwanta a cikin kwarin, kan itatuwa kawai ake gani. Yau iska ta kwantar da gonaki gefe guda. Yau bakan gizo ya kafa ƙafa ɗaya a cikin rafi. Inna tana tankaɗe ko tana ninke kaya, takan ce, "To madalla. A kwarin naka ba a sayar da sabulu ne? Tun shekaranjiya nake faɗa maka ya ƙare." Amma ranar da ya yi shiru ita ce ke fara tambaya, "Yau ba a yi komai a can ba ne?"

Na taɓa ce masa, "Kawu, wuri ɗaya ne fa. Ba ka gajiya?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wa ya ce miki ɗaya ne? Ni ban taɓa tarar da shi yadda na bar shi ba. Na safe daban, na yamma daban. Ko cikin tsayuwar da nake yi sai ya canja riga a gabana."

Mai motar na asali tsoho ne, abokin Kawu tun ƙuruciya, ya san komai ya kau da kai. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya miƙa wa ɗansa harkar, wani matashi mai tsafta da fara'a wanda ba ya iya gama gaisuwa bai duba agogon hannunsa ba. 'Yan tasha ba su ɓata lokaci ba suka sa masa Agogo. Ba mugu ba ne, kuma ba zan yi masa sharri ba. Ƙananan motoci sun shigo hanyar, suna gudu kamar an koro su, suna kwashe fasinja, shi kuma yana da direbobi da iyalansu a wuyansa. Abu na farko da ya yi shi ne ya sayar da tsohuwar bas, ya kawo sabuwa fil, fara sol, kujerunta da leda, ya miƙa wa Kawu makulli a gaban jama'a.

"Baba, ka huta da ɗaukar galan," ya ce yana murmushi. "Wannan ko sama za ta hau ba ta neman ruwa."

Aka yi ta tafi ana taya Kawu murna. Ni kaɗai na ga fuskarsa, sai ka ce wanda aka yi wa albishir da cire haƙori.

Ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi. Kwanakin farko ya wuce tudun bai tsaya ba, ya riƙe sitiyari gam, wuyansa a sandare. Muka riƙa isa da wuri har mai shagonmu ya tambaye ni ko lafiya. Amma a gida abin ya ɓaci. Kawu ya daina gama abincinsa, ya yi wa kyanwa tsawa, ya ce shayi ya yi zaƙi, aka rage sukari ya ce ya yi salam. Inna ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ku mayar min da mijina yadda na ba ku shi. Wannan da kuke dawo min da shi ban san shi ba."

Sai dabaru suka fara. Ranar farko ya ce yana jin wata ƙara a tayar baya, ya sauka ya ɗan shure ta, ya juya mata baya. Wata rana madubi ne ya karkace. Wata rana igiyar kaya ce ta yi sako-sako, alhali ranar babu ko buhu ɗaya a saman motar. Ranar da ya ce waifar goge gilashi na buƙatar dubawa, rana na dukan mutane ko ɗigon ruwa babu, har Mai Ƙwai sai da ta yi dariya.

"Sabuwar ma ka koya mata ciwo?" ta ce. "Kai dai ko jirgin sama aka ba ka sai ka tsayar da shi a nan."

Magana ta kai kunnen Agogo, ba daga bakin Mai Ƙwai ba, wannan ta rantse min, daga wasu masu sauri ne da suka koma ƙananan motoci. Ya kira Kawu ofishinsa, wani ɗan ɗaki a ƙarshen tasha mai teburi da fanka da tayoyi jibge a kusurwa. Ina tsaye a bakin taga ina jiran mu tafi gida, na ji komai. Ya ce ya kai motar an duba ta ciki da waje, lafiyarta ƙalau. Ya ce yana jin nauyin Kawu kamar mahaifinsa, amma in aka sake tsayawa a kan tudu ba dalili, dole ya karɓi makulli. Kawu ya ce, "To, maigida."

Raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro, don na san tuƙi shi ne Kawu. Mutumin da ko ranar hutu sai ya je tasha ya shafa motarsa ya dawo, in aka raba shi da makulli me ya rage? Na roƙe shi. Na ce ya riƙa satar kallo ta gilashi yana wucewa. Ya ce shi da ya ɗauko rayukan mutane ba ya satar kallo. Na ce zan ɗaukar masa hoto a waya kullum. Ya karɓi wayar ya duba wanda na ɗauka, ya miƙo min. "Wannan ai ya tsaya cik," ya ce. "Nawa tafiya yake."

Ya daure har damina ta yi nisa. Sai wata safiya Agogo ya shigo motar da kansa, wai yana da sha'ani a babban gari, ya zauna a gaba, na koma kusa da Mai Ƙwai. Tun daga tasha yanayin garin ke wasa da hankalin mutane. Mun fito da rana, kafin mu bar gari yayyafi ya sauko, aka rufe tagogi, sai rana ta dawo aka buɗe, sai iska ta taso ta fizge ɗankwalin wata ta kai shi kujerar baya. Muna hawan tsauni hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, amma ta ƙarƙashinsa wani haske rawaya ya ɓullo, irin wanda ke sa ganye ya yi kamar an wanke shi da sabulu. Na dubi ƙeyar Kawu na ce a raina, shi ke nan, an gama da mu.

Na ji ƙafarsa ta sauka daga totur. Motar ta gangara gefe a hankali, ta tsaya a ɗan filin nan. Ya kashe inji, ya ja birkin hannu.

"Baba, me ya samu motar?" Agogo ya tambaya.

"Lafiyarta ƙalau."

Agogo ya rage murya, amma motar ta yi tsit har na baya sun ji. "Baba, don Allah ka ce min taya ce. Ka ce madubi ne. Zan yarda."

Kawu ya cire tawul daga wuya ya goge fuska. "A'a, maigida. Na gaji da yi wa mota ƙazafi. Tsohuwar ta sha ƙarya har aka sayar da ita, wannan yarinya ce, ba zan ɓata mata suna ba. Kallo zan yi."

Ya sauka hannu rabbana, babu galan, ya je ya tsaya a inda ya saba. Bai daɗe ba, bai ma kai yadda yake yi da ba. Ya dawo ya tayar da mota, ya kai mu tasha lafiya bai taka rami ko ɗaya ba. Da kowa ya sauka sai ya goge sitiyari da tawul ɗinsa, ya zare makulli ya miƙa da hannu biyu. Agogo ya karɓa idonsa ya yi ja, ranar ban ga ya duba agogo ba. Ni kuwa na shiga bayan shagonmu na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na fito ina sayar wa mutane maganin mura.

Zaman gida bai karɓi Kawu ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya kwance fankar ɗaki ya kasa mayarwa, ya koya wa Inna yadda ake jera kwanuka, ita da ta yi aure tun bai san giyar mota ba. Rahoton kwari ya ɗauke, cin abinci ya koma shiru. Wata ranar hutuna da safe na shiga gaishe su, na tarar Inna ta ajiye masa takalmansa a bakin ƙofa da lema da flas ɗin shayi.

"Tashi ka bi motar," ta ce masa. "Da kai direba ne, an hana ka tsayawa. Yanzu fasinja ne kai. Akwai wanda ya isa ya hana fasinja sauka inda ya ga dama?"

Kawu ya dube ta. Sai ya fara neman hularsa.

Na raka shi. A tasha aka yi ta ihu, "Lagireto! Lagireto!" Sabon direban, wani magidanci mai ladabi, ya so ya ba shi gaba, ya ƙi, ya ce bai taɓa zama a baya ba, yau zai ɗanɗana. Ya zauna jikin taga. Da farko ƙafarsa ta dama sai taka birkin da babu shi take yi, yana cewa "rami, rami" a ƙasan maƙoshi. Da muka bar gari sai ya yi tsit, ya manna goshi da gilashi.

"'Yar nan, yaushe aka yi tafki a nan?"

"Tun ina goye yake nan, Kawu."

"Waɗannan itatuwan fa?"

"Sun girme ni."

Mai Ƙwai ta juyo daga kujerarta. "Kai da ka tsufa a hanyar nan?"

"Kwaltar na sani, Hajiya," ya ce. "Gefenta ban taɓa gani ba."

Ta gyara zaman kiret ɗinta kawai.

Muna kaiwa kan tudu Kawu ya gyara murya, ya ɗaga hannu, ya faɗa da ƙarfi yadda ya ji ana faɗa masa shekara da shekaru, "Direba, akwai sauka!" Motar ta ɗauki dariya. Direban ya tsaya daidai filin. Kawu ya sauka a hankali, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, sannan lema, sannan flas, ni kuma a baya. Mai Ƙwai ta leƙo ta taga ta ce, "Kada ka yi sauri, tsoho, ƙwan ba sa zuwa ko'ina." Na lura duk wuyan da ke motar ya juya wajen kwari.

Sai dai babu kwari. Gajimare ya sauko ya cika shi fal, fari fat, ko bakin gangaren ba a gani, ga wani yayyafi mai sanyi yana shiga wuya. Motar ta tafi ta bar mu a tsakiyar babu. Haushi ya kama ni, na ce, "Yau da muka zo takanas, yau ya ga damar rufe fuska?"

"Zauna," in ji Kawu. Ya buɗe lema, muka zauna a kan wani dutse, ya zuba min shayi a murfin flas.

Muka zauna. Babu hon, babu mai tsaki, sai ƙarar ɗigon ruwa a kan lema da kukan wata saniya can ƙasa da ba ma ganinta. Shayin ya ƙare. Ƙafata ta yi sanyi. Har na fara shirya maganar da zan gaya wa Inna, sai iska ta taso daga bayanmu. Farin nan ya fara motsi, ya yage ta tsakiya, wani yanki na gona ya leƙo kore shar ya sake ɓuya. Sai rafi ya fito, ya cika ya yi ja. Sai kan itatuwa, sai rufin ƙauye, sai rana ta sako ƙafa ta wata kafa ta bi gonakin ɗaya bayan ɗaya tana kunna su. Gajimaren ya tattara ya hau tsaunin da ke can ƙetare, ya tsaya a kansa kaɗan, ya wuce. Can gefe wani ruwan ya taso ya nufi rafi, muka zuba masa ido, ya zo bakin ruwan ya yi jinkiri, ya tsallaka.

"Ya tsallaka," Kawu ya ce. Na juya na ga hawaye na bin fuskarsa, bai ko kai tawul ba. "Ashe haka yake ƙarewa. Kullum a tsakiya ake kirana, 'yar nan. Ban taɓa ganin ƙarshensa ba."

Na karɓi lemar na rufe, don ruwan ya ɗauke.

Can muka ji bas ta dawo daga babban gari. Direban ya rage gudu, ya ɗan taɓa hon cikin ladabi, fasinjoji na leƙe. Na miƙe ina kakkaɓe zane. Kawu bai juya ba. Wani sabon hadari ya fara haɗuwa ta gabas, idonsa na kansa. Ya ɗaga hannu ta bayan kafaɗa, ya yi wa motar alamar ta wuce.

Na koma na zauna.